Inda takalmi yake kwana

Ina da wata ɗabi'a da ba ta da daɗin faɗa. Idan na shiga ɗakin namiji, idona bayan ƙofa yake fara zuwa, inda takalmansa suke zube. Wanda ke ƙafarsa ba ya gaya mini komai, don ko malalaci yakan goge takalmin da zai fita da shi. Na bayan ƙofar su ke da labari. Wani a kife, wani an take dunduniyarsa har ta kwanta, wani da safar jiya a cuse a ciki, ga kuma wani can saman durowa, a ƙulle cikin leda, ledar a cikin kwali. Mai ɗakin gani yake na saman durowar nan shi ne ɗan gata. Ni kuwa shi na fi ji wa tsoro.

Takalmana ba su da yawa. Akwai baƙin sau-ciki mai igiya da nake zuwa aiki da shi, da wani ruwan ƙasa da suke karɓa-karɓa, da sandal na fata, sai kambas na motsa jiki. Ruwan ƙasan ya daɗe a hannuna har an sake masa tafi, amma samansa ya fi kyau yanzu a kan ranar da na saye shi. Abokai sukan tambaye ni wane irin folish nake sa masa, amsar kuma ba ta cika yi musu daɗi ba, don folish ne na ƙarshe a lissafina. Takalmi yana yin sa'a takwas ko goma a ƙafa. Sauran sa'o'in duk a ajiye yake yin su, kuma a nan ake yanke masa tsawon kwana. Abin da ke yankewar kuwa danshi ne: nawa ya sha, kuma ta yaya ya fita daga jikinsa.

Gumi ne farkon maganar. Ƙafafu biyu na mutum ɗaya suna da ƙananan mafitar gumi kusan 250,000, kuma ba sa hutu. Ko ranar sanyi ce, ko kana zaune a ofis ba ka taka ko'ina ba, suna aikinsu. Safa ta sha nata, sauran ya wuce cikin shafin takalmin da shimfiɗar da ƙafa ke takawa. Fata ta gaske tana shan wannan danshi, shi ya sa ta fi roba daɗin sawa, sai dai ba ta amayar da shi a dare ɗaya. Idan ka cire takalmi da magariba ka sake zura ƙafa da sassafe, a kan ɗanyar fata ka hau. Fata mai danshi tana da saurin miƙewa, tana karɓar lanƙwasa ta riƙe, gishirin gumin kuma yana cin shafin a hankali. Shi ya sa za ka ga takalmi waje yana ɗaukar ido, ciki ya yi baƙi ya yage daidai inda babban yatsa yake zama.

Maganin wannan shi ne takalmi na biyu. Yau wannan, gobe wancan, kowanne ya samu kwana da yini yana shan iska. Takalma biyu masu matsakaicin kyau da ake karɓa-karɓa sun fi ƙarko a kan guda ɗaya mai tsada da ake bugawa kullum. Wanda ya ce mini zai tara kuɗi ya sayi guda ɗaya na gani na faɗa, nakan ce ya raba kuɗin gida biyu.

Idan na dawo gida, abin da nake yi bai kai minti biyu ba. Ina sassauta igiya sosai kafin in cire, ba na taka dunduniyar wari ɗaya da ɗayan in fizge ƙafa. Sai in bi shi da buroshi, musamman lungun da sama ya haɗu da tafi, inda ƙura take taruwa. Mutane suna raina ƙura, alhali yashi ne ƙanana. Idan ta shiga cikin lanƙwasar gaban takalmi, duk takun da ka yi tana gogar fatar, kuma daga nan tsagewa take somawa. Bayan buroshi sai katako.

Katakon da nake nufi shi ne wanda ake sassaƙawa da siffar ƙafa, mai sifirin a tsakiya, ana cusa shi cikin takalmi idan an cire. Aikinsa biyu ne. Yana miƙe lanƙwasar gaba tun fatar tana da ɗumi, don ta bushe a miƙe, yana kuma hana hancin takalmin ɗagewa sama. Wanda ba a shafa masa fenti ko man sheƙi ba ya fi, don ɗanyen katako yana taimakawa wajen jan danshi; da itacen sida aka fi yin sa, mai ɗan ƙamshi. Na roba yana riƙe siffa amma ba ya shan komai. Kada dai ya fi takalmin girma, in ba haka ba zai buɗa shi. Guda ɗaya ma ya isa mai takalma biyu, tunda wanda aka cire yau shi ke da buƙata. Wanda ba shi da katako ya dunƙule takarda ya cusa har gaba, ba da ƙarfi ba. Tsohuwar jarida tana yi, amma tawadarta tana iya ɓata shafi mai haske, don haka farar takarda ta fi idan akwai.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 2008 masu haƙar kayan tarihi sun tono wani takalmin fata a kogon Areni da ke ƙasar Armeniya, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 5,500. Da fatar saniya guda ɗaya aka yi shi, da igiyarsa ta fata, kuma cike yake da busasshiyar ciyawa. Masu binciken sun kawo dalili biyu na ciyawar: ko don ɗumama ƙafa, ko don takalmin ya riƙe siffarsa. Abin da ya tsare shi duk tsawon zamanin nan kuwa shi ne sanyin kogon da bushewarsa, da kashin tumaki da ya rufe wurin. Ban ce kowa ya nemo kashin tumaki ba. Amma wuri mai sanyi, busasshe, marar rana, da wani abu a cuse a ciki, har yau ba a samo abin da ya fi su ba.

Sai ranar da ruwan sama ya kama ka a hanya. A nan ne aka fi kashe takalma, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum ya dawo da takalmi sharkaf, gobe yana son sawa, sai ya kai shi tsakiyar rana, ko ya jingina shi kusa da wuta, ko ya hura masa na'urar busar da gashi. Fata zaruruwa ce masu kama juna, kuma bayan jima akan sa mata mai don zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna idan an lanƙwasa. Zafi yana fitar da ruwan da gaggawa, zaruruwan su tsuke su manne, kuma fatar da zafi ya ƙanƙance ba ta komawa yadda take. Saman yawancin takalman yau da fatar da aka jeme da sinadarin kuromiyam ake yin sa, ita tana da ɗan haƙuri. Tafin fata da shimfiɗar ciki kuwa galibi jimar ɓawon itace ce, wadda ke ƙandarewa har ta tsage idan ta bushe da sauri.

Abin yi shi ne a goge laka da ɗanyen tsumma, a zare igiya, a fitar da shimfiɗar ciki idan mai fita ce, a cusa takarda, a sake ta duk sanda ta jiƙe. A ajiye shi a inuwa inda iska ke wucewa. Idan tafinsa na fata ne, a kwantar da shi a gefe don tafin ma ya samu iska. Zai iya ɗaukar kwana biyu, a bar shi ya ɗauka. Idan ya bushe aka ga wani farin layi ya zagaye shi, gishiri ne ruwan ya kwaso ya bari. Ruwa da ruwan khal rabi da rabi a kan tsumma suna ɗauke shi. Bayan nan sai a shafa masa man fata, don ruwan ya tafi da wani abu daga cikin nasa.

Mu koma ga ɗan gatan saman durowa. Leda ba ta numfashi. Duk ɗan danshin da ya rage a jikin takalmi lokacin da aka ƙulle shi, a nan zai zauna, ga duhu, ga ɗumi. Fumfuna ba ta neman abin da ya wuce haka. Da zarar laimar iska ta haura kashi 70 cikin 100 ta daɗe a haka, za ta fara tsirowa a kan fata, tana cin man da ke jikinta da dattin da aka bari. Wanda ya taɓa buɗe kwali bayan damina ya tarar da takalminsa ya yi fari-fari ko kore-kore ya san abin da nake faɗa. Jakar yadi ta auduga ita ce ta dace, ko tsohuwar rigar matashi. Kwali ba laifi idan takalmin ya bushe sarai kafin a sa shi, aka kuma huda masa 'yan ƙofofi. Ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake tararwa a cikin sabon kwali, waɗanda ake rubuta wa kada a ci, silika ce mai shan danshi. A daina zubar da su, a dai kawar da su daga hannun yara. Kada kuma a ajiye takalmi a kan daɓen siminti ko a jikin bango mai tsattsafo. Ko katako ɗaya aka ɗora a kan bulo biyu ya wadatar.

Idan fumfunar ta riga ta kama, a fitar da takalmin waje a kakkaɓe, kada a yi a cikin ɗaki ƙurarta ta bazu kan sauran. A goge ciki da waje da ruwan khal ɗin nan da aka sirka, a bar shi ya bushe a inuwa, a goge inda yake ajiye shi ma. Wanda ya mayar da shi tsohon kwalin ya yi aikin banza. Kuma duk takalmin da ya daɗe a ajiye, a kife shi a bubbuga kafin a zura ƙafa. Kunama da gizo-gizo ba sa neman izini.

Akwai kuma wata ɓarnar da ajiya ke yi wadda ba ta da magani, ita ce ta faɗa wa ƙanena. Ya sayi kambas mai tsada, ya ƙi sawa, yana jiran ranar da ta dace. Shekaru suka wuce. Ranar ta zo, ya sa ya tafi wani taro, kafin a tashi tafin ya rabu da saman, tsakiyarsa tana zuba gari-gari kamar tsohuwar katifar soso. Ya kawo mini shi a hannu yana huci.

"Yaya, wallahi yau ne farkon sawata. Jabu aka sayar mini."

Na karɓa na murza abin da ya rage da yatsa, na ce masa takalminsa na gaske ne, ajiyar ce ta cinye shi.

Tafin kambas da yawa, da na takalman aiki masu kauri, har da wasu sau-ciki masu laushin taku, da wani soso ake yin su mai suna foliyuretan. Ba shi da nauyi, yana da daɗin takawa, amma tururin ruwan da ke cikin iska yana shiga cikinsa yana tsinka sinadaran da suka riƙe shi. Tun daga ranar da aka ƙera shi abin yake farawa, ko an sa ko ba a sa ba, zafi da laima kuma suna ƙara masa gudu. Takalmin da ake sawa ya fi tsira, don matsawa da sakin da taku ke yi suna fitar da danshin daga cikin soson. Gam ɗin da ya riƙe tafi shi ma yana bushewa a ajiye ya saki. An ce ajiya maganin wata rana, amma ban da irin wannan takalmi. Idan kana da shi, ka riƙa fita da shi lokaci-lokaci. Idan za ka saya kuma ka ga ya daɗe a kanta, danna tafin da farce: in ya yi danƙo-danƙo ko ya bar rami bai taso ba, ajiye musu kayansu.

Haka nan fatar roba, wadda yadi ne aka shafa wa roba a sama aka buga mata zanen fata. Idan lokacinta ya yi sai ta fara ɓarewa, kuma babu man da zai tsayar da ita, don ba ta shan komai. Gogewa da ɗanyen tsumma da nisantar rana ne iyakar gatan da za a yi mata.

To, folish. Gwangwanin Kiwi da kowa ya sani, wani mutum mai suna William Ramsay ne ya fara yin sa a birnin Melbon na Ostireliya a 1906, ya sa masa sunan tsuntsun ƙasar matarsa, wadda 'yar Niyu Zilan ce. Irin wannan folish na gwangwani kaki ne aka narkar a cikin sinadari mai tashi, da launi. Akan haɗa da kakin kanoba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na Barazil, shi ke ba da ƙyalli mai ƙarfi. Aikin kaki shi ne ya zauna a sama, ya yi sheƙi, ya kare ruwa kaɗan. Ba ya ciyar da fata. Mai ciyarwa shi ne mai laushin nan na kwalba ko na matsawa, wanda ke shiga jiki. Wanda kullum kaki yake laftawa a kan kaki, ba tare da ya cire na jiya ba, yana gina ɓawo ne, ɓawon kuma ya tsage a lanƙwasa ya riƙe ƙura.

Ni dai sau ɗaya a wata nake zama in yi na sosai. In kakkaɓe, in goge da ɗanyen tsumma, in bari ya sha iska. In ɗebo mai laushin kaɗan a kan tsumman da na naɗe a yatsa biyu, in bi da shi ko'ina har harshen takalmin. Bayan minti goma in buge da buroshi mai gashin doki. Kaki kuwa a hanci da dunduniya kawai nake sa shi, inda fata ba ta lanƙwasawa. Buroshin baƙi daban, na ruwan ƙasa daban. Sauran kwanakin watan buroshi kaɗai ya isa ya dawo da sheƙin. Folish na ruwa mai soso a baki, wanda ake shafawa a bakin ƙofa ana sauri, ba na ƙaunarsa ko kaɗan. Yana bushewa ya zama wani fenti-fenti mai wuyar cirewa. Masu shafa man girki su ma su yi haƙuri, yana yin ɗoyi idan ya daɗe, yana baƙanta fata, kuma abinci ne ga fumfuna. Na san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, shi ya sa nake faɗa.

Fata mai gashi-gashi, wadda ake kira suwed, ba ta son folish sam. Buroshinta daban ne, tabo kuma da abin goge fensir ake murje shi bayan ya bushe. Kambas na yadi a wanke shi da hannu da sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Sabulun da ya rage a jiki da zafin rana su ke mayar da farin kambas rawaya.

Wari ba daga gumin kansa yake zuwa ba. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin gumin da matacciyar fatar ƙafa, abin da suke fitarwa shi ne ke cika ɗaki. Fesa turare a ciki ƙara wa Borno dawaki ne, wari biyu ne za su haɗu. A wanke ƙafa a tsane tsakanin yatsu, a sake safa kullum, ta auduga ko ta ulu, a bar takalmi ya huta. Idan ya riga ya kama, a zuba garin bekin soda a cikin tsohuwar safa a ɗaure a kwana da ita a ciki. Kada a zuba shi kai tsaye a kan fata, yana busar da ita.

A bayan takalmin sau-ciki, wajen dunduniya, akwai wani abu mai tauri a tsakanin fata da shafi, shi ke riƙe dunduniyar ƙafa. Duk sanda ka tura ƙafa da ƙarfi ba ka kwance igiya ba, ko ka take shi ka mayar da shi silifa don za ka ɗan leƙa waje, shi kake karyawa, kuma gyaransa sai an farke takalmin. Cokalin takalmi, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ko robar nan da ake zura ƙafa a kansa, don wannan aka yi shi.

Baduku kuwa a je masa da wuri. Dunduniyar takalmi hawa-hawa ce, ta ƙasan roba ce siririya da aka yi don ta cinye a sake. Yawancinmu gefen waje muke fara ci. Idan aka kai tun robar ba ta ƙare ba, aikin 'yan mintoci ne. Idan aka bari cin ya hau jikin dunduniyar, sai an yi ciko, kafin nan kuma takalmin ya karkace ya koya wa saman karkata. Tafin fata idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ka ji ya yi laushi, ya kusa hujewa.

Ko za a iya sake tafin gaba ɗaya, wannan ya danganta da yadda aka haɗa takalmin tun farko. Yawancin na kasuwa da gam kawai ake manne su, gyaransu kuma ba ya cika daɗewa. Akwai waɗanda ake ɗinke tafin kai tsaye da cikin takalmin, idan ka ɗaga shimfiɗar ciki za ka ga zaren. Akwai kuma masu wata siririyar fata da ta zagaye gindin takalmin, an ɗinke ta da saman, sannan aka ɗinke tafin a jikinta. Ana kiran wannan ɗinkin Goodyear, da sunan Charles Goodyear ƙarami, wanda injin yin sa ya fito da sunansa a Amurka. Irin wannan baduku zai iya farke tafin ya sa sabo sau da yawa ba tare da ya taɓa saman ba. Sai dai masu ƙera na gam sun gane mutane suna neman zare, sai suke manna wata roba mai zanen ɗinki a gefe don ado. Idan za ka saya, juya takalmin. Ƙirga ɗinkin da ke gefen sama a tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ka ƙirga na ƙasan tafin a daidai wurin. Idan zare ɗaya ne ya ratsa, lissafin zai zo daidai.